Babi na Shida: Shari'ar Ganyen Shayi a Sanam

Duk shagon da ka leƙa a Sanam, babba ne a bakin hanyar da ta taso daga Filinge ta biyo ta Abala ta nufi Tawa, ko tebur ne kawai a inuwar bango, akwai abu uku da ba sa yankewa sai in mai shagon ya karye: sukari, ashana da ganyen shayi. Ganyen yana zuwa ne cikin ƴan ƙananan kwalaye masu giram 25, da hoton raƙumi ko zaki ko barewa ko wani mai rawani, da rubutun Larabci da Faransanci, da wata lamba a gefe wadda ba kowa ke kula da ita ba. Wanda kuɗinsa bai kai na kwali ba, sai a farke masa a ƙulla a leda. Manomi na saye, makiyayi na saye, haka soja da malamin makaranta da samarin fada. Ba a lissafa shi cikin cefane, amma da magidanci zai tara abin da shayi da sukarinsa da gawayinsa suka ci masa daga kaka zuwa kaka, da ya daɗe bai ce komai ba.

Abin da ke damuna shi ne, wannan kaya da muke saye kullum shi kaɗai ne ba mu yi wa shari'a. Mai sayen akuya sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora. Mai sayen gero sai ya damtsa, ya murza, ya jefa ƴan ƙwayoyi a baka. Matar da ta tsaya gaban ƙwaryar Bafulatana ba ta miƙa kuɗi sai ta ɗanɗana ta ji ko an tsinka nonon da ruwa. Amma in an zo ga shayi, suna kawai muke kira, a miƙo mana, mu juya. In ya yi daɗi mu yabi mai dafawa, in bai yi ba mu ce hannunsa ne. Ganyen kansa ba a taɓa gurfanar da shi.

Za a ce ai abu ne mai araha, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Ban yarda ba. Mai kuɗi in an cuce shi a kaya mai tsada, sau ɗaya ne, gobe ya sauya shago. Talaka kuwa dala-dala ake cutarsa, safe da yamma, shekara da shekaru, har bakinsa ya saba ya ɗauka haka shayi yake. Saboda haka kayan araha ne ya fi cancantar a zauna a kansa da natsuwa.

Shayin nan ba gadon kakannin Kurfayawa, mutanen wannan yanki, ba ne. Abin shan ƙasar nan fura ce da nono da kunu. Koren ganyen Sin ya fara kama Afirka ne ta Maroko, inda jiragen ƴan kasuwar Ingila suka riƙa sauke shi a tasoshin Tanja da Sawira a ƙarni na 19, ayarin raƙuma kuma suka kwaso shi da sukari suka yo kudu. Larabawan Sahara da Buzaye suka riƙe shi hannu biyu, daga gare su ya shigo ƙasar Hausa ta arewa. Kurfai kuwa ba ta da nisa da wannan hannu: ga Buzayen Imanan a Bonkuku, ga na Tagazar a Baleyara, ga makiyayan Azawak da ke saukowa kowace rani. Sai kuma shekarun da suka biyo bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da fada ta cika garuruwan Nijar, samari marasa aikin yi suka mai da butar shayi cibiyar zamansu. Tun daga nan ya tashi daga abin karrama baƙo ya koma abin kowace rana.

Har yau daga Sin yake zuwa, galibi daga lardunan gabas irin su Zhejiang da Anhui, kuma har yau Maroko ce babbar mai sayensa. Itacen ɗaya ne da na baƙin shayin Lipton da ake haɗawa da madara, ko na Highland da ake nomawa a tsaunin Mambila. Bambancin a sarrafawa yake. Baƙin ana barin ganyen ya sha iska har ya rine. Koren kuwa da an tsinko shi ake gasa shi a kasko mai zafi don kada ya rine, sannan a murza a busar. In an murza shi ya zama siriri mai lanƙwasa, shi ne wanda ƴan kasuwa ke kira Chunmee, kuma shi ya fi yawa a shagunanmu. In an dunƙule shi ƙwaya-ƙwaya, shi ne mai lamba 3505. Lambobin gefen kwali daraja suke nunawa: 41022 da 4011 da 9371 suna sama, 9368 da 9367 da 9366 suna ƙasa, inda karyayyen ganye da kara da gari suka fi yawa. Sanin wannan yana da amfani, amma lamba ba rantsuwa ba ce. Mai kamfani ne ke buga ta, shi ne kuma ke jera mata haruffan A a baya yadda ransa ya so.

Daga nan sai tafiya. Da ta Kwatano kayan ke shigowa, su haye gadar Gaya, su biyo Doso zuwa Yamai. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yawancin kaya sai sun sauka Lome, su ratsa Burkina Faso cikin jerin motoci da rakiyar soja, su shigo ta Tera. Daga Yamai zuwa Filinge kimanin kilomita 180 ne, sannan a ƙara gaba cikin yankin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, inda ba kullum mota ke tashi ba. Duk kwanan da kwali ya ƙara a hanya, ganyen ne ke biya. Koren shayi ba ya jure tsufa kamar baƙi, zafi na cin ƙamshinsa, kuma yana zuƙar warin duk abin da aka jingina shi da shi. Ka tuna shagon kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, katan ɗin shayi yana tsakanin sabulu da jarkar fetur da busasshen kifi. Ganyen da ya bar Sin da mutuncinsa yana iya isowa butarka ya riga ya mutu.

To me ya sa ba mu ganewa? Domin yadda muke dafa shi an tsara shi ne, ko da gangan ko ba da gangan ba, don ya rufa wa ganye asiri. Muna cika buta da ganye, mu bar shi ya yi ta tafasa a kan gawayi har duk ɗacin da ke cikinsa ya fito. Sannan mu kashe ɗacin da sukari mai yawa. A dahuwa ta biyu mu jefa na'ana'a, wani ya ƙara kanumfari ko citta. Kafin finjali ya iso hannunka, abin da harshenka zai fara karo da shi zaƙi ne, sai zafi, sai ƙamshin na'ana'a. Ganyen yana can baya, da ƙyar ake jin muryarsa.

Ga kuma kumfa, wadda samari ke alfahari da ita, kuma suna da gaskiya, don ɗaga buta sama a tsiyayo ba tare da ɗigo ya faɗi a faranti ba gwaninta ce. Amma kumfa shaidar hannu ce. Ganyen shayi kowane iri yana da sinadarin da ke kumfa in an kaɗa shi, sukari kuma yana ƙara wa ruwan kauri ya riƙe ta. Ƙwararren mai shayi zai tayar da kumfa mai kyau da ganyen da bai kai a ba baƙo ba. Na sha jin ana cewa "wannan ganyen yana kumfa" a matsayin yabo na ƙarshe, alhali ba a ce komai ba tukuna game da ɗanɗanonsa.

Abu na uku da ke rufe mana baki shi ne kwalin kansa, da sunansa, da kuɗinsa. Nan Turawa sun riga mu faɗawa ramin, kuma sun auna zurfinsa. Abin shan da suka fi yi wa shari'a giyar inabi ce. Mu ba ma shan ta, addini ya hana, amma abin da bincikensu ya tono halin ɗan Adam ne, kuma ya shafe mu. A 2001, a jami'ar Bordo ta Faransa, Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka ɗauki farar giya suka zuba mata jan launi marar ɗanɗano marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu koyon wannan fanni. Ɗaliban suka yi ta siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ido ya riga hanci yanke hukunci. A 2008 kuma, a Kaliforniya, Hilke Plassmann da abokan aikinta suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya ɗaya sau biyu: sau ɗaya aka ce ta dalar Amurka 5 ce, sau ɗaya aka ce ta 45. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma ba ƙarya suke yi ba, don ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke jin daɗi ya fi motsawa da aka ambaci babban kuɗi. Wannan na biyun ya fi tsorata ni. Ma'anarsa, saurayin da ya rantse maka cewa ganye kaza ya fi kowane, da gaske yake jin daɗinsa fiye da sauran, muddin ya ga kwalin.

Saboda haka shari'ar gaskiya tana farawa ne da ɓoye kwali.

Masu sana'ar ɗanɗanar shayi, irin waɗanda ke aiki wa kasuwar gwanjon Mombasa ta Kenya, suna da ƙa'ida rubutacciya tun 1980: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6, a tace, ba sukari. Suna ɗiban ruwan da cokali su zuƙe shi da ƙara don ya watsu ko'ina a baki ƙamshin ya hau hanci, sannan su tofar. A Sin abu biyar ake dubawa: busasshen ganye, launin ruwa, ƙamshi, ɗanɗano, da jiƙaƙƙen ganyen da ya rage. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin zaure a Sanam. Ma'auni bai zama dole ba, murfin kwalba ɗaya ya isa in dai da shi aka auna wa kowa. Kofuna su zama iri ɗaya, masu haske. A sa yaro ya yi wa gindin kowane kofi alama, shi kaɗai ya san wane ganye ke ina, kuma ya fita daga zauren, don fuskar yaro ba ta riƙe sirri.

Ruwa kuwa dole ya zama na rijiya ɗaya, tafasa ɗaya. Mutanen Dallol Boso sun san wannan tun kafin a rubuta shi: akwai rijiyar da ruwanta ke da zartsi ko ɗan kanwa-kanwa, kuma irin wannan ruwa yana duhunta shayi ya mai da shi ja-ja, ya danne ƙamshinsa. Makiyayi zai gaya maka wace rijiya ce ke shayi wace ce ba ta yi. In ka gwada ganye ɗaya da ruwan famfo, ɗaya da ruwan zartsi, rijiyoyi ka yi wa shari'a.

Mun yi irin wannan zama a wani zaure bayan la'asar, da ganye uku da aka sayo a cikin gari ranar: mai tsadar cikinsu wanda sunansa ke bakin kowa, da wani matsakaici da ba a cika kira ba, da na ƙulli wanda mai tebur ke ɗiba daga gwangwani. A wurin akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana fataucin dabbobi, da malamin makaranta, da saurayin da ke dafa wa fadarsu shayi, wanda tun kafin a zauna ya ce shi ko cikin barci zai gane nasa.

Aka fara da busasshen ganye a kan farar takarda. Na kofin farko siriri ne, tsawonsa kusan ɗaya, launinsa kore mai toka-toka, in ka murza a tafin hannu ka hura masa numfashi sai ka ji ƙamshin ɗanyen haki da ɗan ƙauri na kasko. Na biyu kamanninsa ma sun fi kyau, murzarsa ta fi tsauri, amma launin ya koɗe ya yi rawaya-rawaya, ƙamshin kuma sai ka nema. Na uku da aka karkata takardar, gari ya rage a kwance, ga ƴan karare farare a ciki.

Da aka zuba ruwa aka tace, na farko ya fito rawaya mai haske, kana ganin gindin kofi. Ɗacinsa ya zo da wuri ya wuce da wuri. Baurinsa ya kama gefen harshe da dasashi, ya riƙe kaɗan ya saki, sai wani ɗan zaƙi-zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro, wanda ke sa yawu ya taru. Wannan zaƙin na bayan haɗiya shi nake fara nema a kowane ganye, kuma sukari ne babban mai ɓoye shi. Ɗaci da bauri ba laifi ba ne a shayi. Wani kaso na ɗacin na sinadarin da ke kore barci ne, baurin kuma na wasu sinadarai ne da ke kama yawun baki su bar harshe da kaushi. Abin tambaya shi ne ko sun san lokacin tafiya.

Na uku bai san lokacin tafiya ba. Ruwansa ya yi duhu ya gauraye, laka ta kwanta a gindi. Ɗacinsa ya buge baki gaba ɗaya, ya bar maƙaƙi a wuya wanda ko an kurkure yana nan. Gari ne ke jawo haka: ƙananan ɓarɓashi suna sakin duk abin da ke cikinsu nan take, shi ya sa irin wannan ganye ke ruɗin mutane su ce yana da ƙarfi.

Na biyu shi ya ba da mamaki. Ba ɗaci sosai, ba bauri sosai, ba komai sosai. Lami. A ƙarƙashin lamin kuma akwai wani abu da aka daɗe ana lalube kafin malamin makaranta ya ce, "Sabulu." Kowa ya sake sunsunawa, kowa ya ji.

Dattijon bai ce komai ba sai da aka juye jiƙaƙƙen ganyen a faranti. Ya sa yatsa ya baza na farko, ganyen ya buɗe, da yawa rabi-rabi ne ko cikakku, masu taushi, kore. Ya baza na biyu, shi ma cikakke ne amma ya yi ruwan ƙasa. Ya ce wa saurayin, "Ɗana, wanga ganye ɗan gidan kirki ne, tsuhwa ta kama shi. Ya kwan biyu cikin shago." Na uku ko taɓa shi bai yi ba, ya ce, "Wanga shara ce."

Saurayin ya riga ya zaɓi na farko ya ce shi ne nasa. Da aka kira yaro ya faɗi alamomi, na farko matsakaicin nan ne da ba a cika kira ba. Nasa shi ne mai warin sabulu. Ya ce, "Baba, wallahi kullum shi nika dahwawa, ban taɓa jin sabulu ba." Dattijon ya ce, "Da sukari nawa?"

Kada a ɗauki wannan a ce mai tsada banza ne. Da aka samo kwalin wannan sunan daga wani shago da kayansa bai daɗe da sauka ba, ya fi duk ukun. Abin da zaman ya nuna shi ne suna ba ya kare ganye daga rufin kwano da maƙwabtakar sabulu, kuma matsakaicin ganye sabo ya fi babban ganye tsoho. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙa juya kwali ya duba ranar da aka buga, ya kuma ɗaga kai ya ga inda mai shago ke ajiye katan ɗinsa.

Akwai gardamar da ke tashi a irin wannan zama: wani zai ce ai sa'a ce, in an sake ba zai gane ba. Wannan gardama ta taɓa haifar da ilimi guda. A tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, cikin shekarun 1920, wata masaniya mai suna Muriel Bristol ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Ronald Fisher, masanin lissafi, ya tsara yadda za a gwada ta: kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a cakuɗa jerinsu. Wanda ke cinta kawai, damar ya dace duka ɗaya ce cikin 70. Fisher ya sa wannan misali a littafinsa na 1935, kuma a kan irin wannan tunani ake gwada magunguna da irin shuka har yau, har da irin geron da ake raba wa manoma. A zaure ba sai an kai kofi 8 ba. A jera uku, biyu ganye ɗaya, ɗaya daban, a ce mutum ya fitar da bare. Mai cinta zai dace sau ɗaya cikin uku. Wanda ya yi ta dacewa an sake an sake, a saurare shi. In kuma duk zauren an kasa raba ganye biyu, to a sayi mai sauƙin kuɗin, ba wanda ya yi asara.

Sai dai akwai ƙorafi mai nauyi wanda dole a amsa. Ba wanda ke shan shayi haka a Kurfai, tsurarsa, minti 6, ba sukari. Ganyen da ya yi kyau a kofin gwaji yana iya kasa jure wutar gawayi. Gaskiya ne. Akwai koren shayi mai tsada a Sin da Japan wanda in ka tafasa shi yadda muke yi ka kashe shi, don an yi shi ne domin ruwan da bai kai tafasa ba. Namu aikin ƙarfi ake ɗora masa, saboda haka shari'ar tana da zama na biyu, a cikin buta, yadda aka saba: a wanke ganye, a dafa na farko, na biyu, na uku, da sukari gwargwado ɗaya ga kowa. Kofin gwaji yana tona aibi, buta kuma tana nuna juriya.

A nan ne ganyen gari ke faɗuwa warwas. Na farkonsa kamar zai tsaga kai, na biyu ya rage rabi, na uku ruwan sukari ne mai launi. Cikakken ganye kuwa a hankali yake buɗewa, yana sakin abin da ke cikinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa na ukunsa, wanda ake miƙa wa tsofaffi da waɗanda ba sa son mai ƙarfi, yake fitowa da sauran ƙamshi. Ni a wurina ganyen da bai kai na uku ba bai cika ganye ba, ko nawa aka sayar da shi.

Kuma a nan lissafin araha ke juyewa. A ɗauka, don misali, wani ganye dala 20 ne wani dala 30. In na dala 20 dahuwa biyu yake bayarwa, na dala 30 kuma uku, kowace dahuwa ta tashi dala 10 ke nan, kuɗinsu ɗaya. Amma mai ɗacin nan yana cin sukari fiye da ɗayan kafin ya shawu, kuma mai dafawa yakan ƙara ganye a na biyu don ya ceto shi. Sukarin kuwa ba aljihu kaɗai yake ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Duk wanda ya taɓa kallon abin da ake zubawa a buta ɗaya, ya kuma san sau nawa ake ɗora ta daga hantsi zuwa tsakar dare, ya san inda muke. Ganye mai kyau yana shawuwa da sukari kaɗan. Wannan ma dalili ne na nemansa.

Akwai inda harshe ke tsayawa, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A 1848 wani Bature ɗan Sikotland mai suna Robert Fortune ya shiga yankunan shayi na Sin a ɓoye, ya ga yadda ake barbaɗa wa koren shayin da za a kai Turai da Amurka wani shuɗin fenti da garin farin dutse don ya yi kyan gani, abin da masu yin sa ba sa sha da bakinsu. Mutanen Ingila sun yi shekaru suna sha suna yabon launin. Ba harshensu ne ya cece su ba. Dokar 1875 ce ta sa jami'an kwastan su riƙa binciken shayi a tashar jirgi. Amurka ma ta kafa hukumar masu ɗanɗanar shayin da ke shigowa ƙasarta a 1897, ba ta rushe ta ba sai 1996.

Fentin zamaninmu maganin ƙwari ne, kuma ba shi da launi ba shi da ɗanɗano. A farkon 2021 hukumomin Mali suka ba da umarnin janye wani rukuni na ɗaya daga cikin shayin da ya fi kasuwa a Sahel, bayan gwaji ya nuna ragowar maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima. Labarin ya zaga ƙasashen maƙwabta ta rediyo da WhatsApp. Da an kawo wannan ganye zaurenmu, mai yiwuwa da ya ci jarrabawa, don dattijon nan da duk gwanintarsa ba zai ji shi ba. Wanke ganye da ruwan zafi kafin dahuwa al'ada ce mai kyau, tana fitar da ƙura da gari, amma kada a dogara da ita a kan wannan. Aikin ɗakin gwaji ne, irin LANSPEX da ke Yamai, kuma haƙƙin mai shan shayi a Sanam ne a ɗebi samfuri daga kayan da ke shigowa a gwada, a faɗi sakamako da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci a gidajen rediyon da yake saurare.

In an yi irin wannan sanarwa, da lambar rukuni ake yin ta, wadda ke buge a jikin kwali kusa da ranar ƙarewa. Mai sayen kwali yana iya dubawa. Mai sayen ƙulli, wanda shi ne mafi ƙarancin hali cikin masu saye, ledarsa ba ta da lamba, ba ta da rana, ba ta da suna. Shi ya sa nake roƙon masu tebur da masu shago abu guda wanda ba zai ci musu ko dala ba: in an farke kwali an juye a gwangwani, a ajiye kwalin a gefe har ganyen ya ƙare, domin ranar da rediyo ta kira lamba a iya dubawa a san ko ita ce ake ƙulla wa mutane.